Bindigar Kalilu, Alamar Tamba

In ka shiga Argungu ka tambayi Kalilu Maƙeri, za a nuna maka wata rumfar kwano a bayan layin masu albasa, inda wani tsoho siriri ke zaune kan guntun turmi yana fitar wa lauje haƙora. Za a ce maka fartanyarsa tana da ƙwari, ƙugiyarsa kuma ba ta miƙewa ko giwan ruwa ta kama. Iyakar abin da za a ce ke nan. Shi kuwa ko ka wuni kana tsokanarsa ba zai ƙara maka komai ba, don bai ɗauki magana abin rabawa kyauta ba. Ni ne mai surutun, saboda haka ni zan faɗa.

Sunana Isuwa, kafinta ne ni. Daga ƙasar Filato na zo Birnin Kebbi ina saurayi, wai zan yi aikin rufin wani gini in koma gida. Ga shi yau jikokina ke cika mini tsakar gida a unguwar Gesse, matata Cecilia kuma ta fi matan garin iya tuwon shinkafa, in dai ita ka tambaya. Ni da Kalilu mun fi shekara arba'in tare. Shi yana zuwa masallaci, ni ina zuwa coci, kuma a iya sanina abin da ya taɓa haɗa mu faɗa bai wuce biyu ba: Hausata, wadda ya ce har yau ba ta nuna ba, da shirunsa, wanda na ce wata rana sai ya ja mana abin da ba ma so.

Uban Kalilu maƙerin fartanya ne. Da yaron ya tasa, sai ya tura shi Birnin Kebbi gidan wani babban maƙeri mai suna Maigandi, don ya koyo ƙirar bindiga. Ba bindigar da kuke jin labarinta yanzu a rediyo nake nufi ba. Bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna tsumma da sanda, a harba sau ɗaya, a sake zaman ɗuri. Maharba ke neman ta, da manoman fadama masu korar tsuntsu daga shinkafa, sai masu buga ta ranar biki don a ji ƙara. Maigandi yana da alamarsa da yake bugawa a gindin bututun kowace bindiga, zane uku masu kama da sawun zabo. A duk ƙasar nan in an ga sawun zabon ba a ƙara tambaya.

Maigandi yana da ɗa, Tamba, sa'an Kalilu, yaro mai zafin nama da son a yaba masa. Ana jajibirin wata Salla, Tamba ya ɗauki bindigar da aka gama ƙerawa ba a gwada ba, ya ja Kalilu bayan gari don su ji muryarta. Bututun ya tsage daidai inda hannun hagun Tamba ke tallafe shi. Kalilu ne ya tuɓe rigarsa ya naɗe abin da ya rage na hannun, ya goyo abokinsa zuwa gida. Babban yatsa da biyu na kusa da shi suka tafi. Wanda ba ya iya riƙe awartaki kuwa ai ya tashi daga maƙeri, ko da ubansa ne sarkin maƙera.

Da Maigandi ya rasu, Kalilu ya koma Argungu ya kafa maƙerarsa. Tamba ya gaji rumfa, ya gaji suna, ya gaji ɗan ƙarfen buga alama, amma ba hannun aiki. A nan ne suka ƙulla abin da suka ƙulla. Kalilu zai ƙera a Argungu, Tamba ya buga alamar gidansu ya sayar a Birnin Kebbi, kuma ba mai faɗa wa kowa. Ni aka nemo don sassaƙa ƙotar bindigogin, saboda na iya hannu da icen maɗaci, aka kuma ɗaure mini baki da alkawari iri ɗaya. Mutane suka shiga cewa Tamba da yatsu bakwai ya fi masu goma iya ƙira. Bindigar ma sunansa ta ci, ana ce mata ɗiyar Tamba. Ya bar su suna faɗa, kuma ba zan ce na ga laifinsa sosai ba, don wannan maganar ita ce rigar da ta rufa masa asiri har ya mutu.

A cikin gida Kalilu ke yin aikin bindiga, rumfar waje ta fartanya ce. Bai yarda da kowane ƙarfe ba sai sandar sitiyarin tsofaffin motoci, don ita ramin cikinta a haɗe yake, ba ɗinki. Yakan bi garejoji har Sakkwato yana nema, ya ƙwanƙwasa wannan, ya sa kunne, ya ajiye, ya ɗauki waccan. Masu gareji sun ɗauka mai tara tarkace ne. Bindiga ɗaya takan ci masa kwanaki, ba ya gaggawa, kuma in yana aikinta ko gaisuwa da kai yake amsawa.

Ni dai abin ya daɗe yana cina. Wata rana ina zaune a rumfarsa wani maharbi ya zo da ɗiyar Tamba, wani ɗan ƙarfe ya kwance a jikinta. Ya miƙa wa Kalilu yana ja masa kunne, wai ya bi a hankali, wannan aikin gwanaye ne, ba irin na masu fartanya ba. Kalilu ya karɓa da hannu biyu ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Da mutumin ya tafi na kusa fashewa.

"Kai ke shan wuta, wani ke shan yabo," na ce. "Ko ɗan ɗigo ba za ka sa a ƙarfen nan ba, don jikokinka su ce aikin kakanmu ne?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kahinta," haka yake kirana, "ka taɓa jin zabuwa ta tsaya tambayaw wa yaƙ ƙera bindiga?"

Amma fa kada a ce Tamba bugun alama kawai yake yi. Kowace bindiga sai an kai ta gwaji, kuma sai yana wurin. Akwai wani gawo a bakin gulbi, can bayan gari. Kalilu zai yi wa bindigar ɗuri biyu, ninkin abin da mai hankali zai zuba, ya ɗaure ta a jikin gawon bakinta na kallon ruwa, ya ƙulla doguwar igiya a kunamarta, wato ɗan ƙarfen da ake ja ta tashi. Mu ukun sai mu laɓe bayan wani suri, a ja igiyar. In hayaƙi ya lafa, Tamba zai je ya bi bututun da 'yan yatsunsa biyu da suka rage, daga baki har gindi, ido rufe. Wani lokaci ya ce ta yi. Wani lokaci kuma ya girgiza kai kawai, alhali ni ban ga komai ba, Kalilu ma bai gani ba. Wadda ya girgiza wa kai a ranar za a sare ta, ƙotar da na sha wahalar gogewa ta koma itacen girki. Na yi ta masifa a kan wannan, ba wanda ya kula ni. Wadda ta yi kuwa, Kalilu ke riƙe ɗan ƙarfen alamar, Tamba ya ɗaga masaba da hannunsa mai lafiya ya buga. Ban taɓa ganin ya kuskure ya sami yatsan Kalilu ba.

Haka muka yi ta yi har furfura ta kama mu. Sai zamani ya juya, bindiga ta canza aiki, aka fara jin ta a inda ba tsuntsu ba naman daji. Ana cikin haka Tamba ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki, ɗansa Sunusi ya zo Argungu ya ce a ci gaba yadda aka saba. Kalilu ya ce a'a. Ya ce mai duba masa aiki ya tafi, kuma ba ya son ya ƙera abin da bai san inda za a nuna bakinsa ba. Ya naɗe igiyar gwaji ya rataye ta a ƙusa, ya koma kan lauje da fartanya. Bai yi shela ba, don wanda bai taɓa cewa yana yi ba, ta yaya zai ce ya daina?

Ba a daɗe ba sai ga sababbin bindigogi a rumfar Sunusi, kowacce da sawun zabo a gindinta. Inda yake samo su, Allah masani. Na ɗauki ɗaya na juya. Bututun famfo ne, irin mai ɗinki a tsawonsa, an goge ɗinkin an shafe da baƙin fenti. Ƙotar kuwa, kafintan da ya yi ta ya kamata a karɓe masa zarto. Na faɗa wa Sunusi abin da ke raina a gaban maƙwabtansa, ban rage komai ba sai abu ɗayan da alkawari ya hana ni. Daga nan na je na sami Kalilu na ce ya fito ya gaya wa mutane gaskiya. Ya aika wa Sunusi gargaɗi a asirce, ba sau ɗaya ba, amma maganar fitowa fili ya ƙi.

"In nic ce wagga ba tawa ba ta," in ji shi, "to na ce na dauri nawa na. So kaka yi in tuɓe ma Tamba riga shina kabari?"

Na ce rigar mamaci ba ta fi hannun mai rai ba. Ya ci gaba da zuga wutarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na daɗe ban taka Argungu ba.

Yanzu sai in kawo maganar surukinsa, don ta nan abin ya ɓullo. Kalilu yana da 'yar fari, Ummu Hani, tana aure a Augie gidan wani manomin shinkafa da albasa, Abbas, mutum mai ladabi har ya so ya yi yawa. A al'adar mutanen nan uba ba ya kiran sunan 'yar fari, balle na mijinta. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa jin kalmar Abbas a bakin Kalilu ba. "Mutumin Augie" yake cewa. In Abbas ya zo gaisuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya tsuguna a bayan zana ya gaida ƙasa, Kalilu ya amsa wa garwashi. In sun hango juna a kasuwa, kowa sai ya tuna yana da saƙo a wani layin. Magana kuwa hanyarta ɗaya: Kalilu ya faɗa wa matarsa Kulu, Kulu ta faɗa wa Ummu Hani, ita ta kai wa mijinta. Ni da mijin 'yata a kwano ɗaya muke ci, har ya fi ni loma, shi ya sa nake yi musu dariya. Amma na san ba ƙiyayya ba ce. Buhun farko na sabuwar shinkafar Abbas a ƙofar Kalilu yake sauka, kuma ba shekarar da Abbas ya taɓa sayen lauje.

Bara waccan, da kaka ta gabato shinkafa ta yi nono, sai jan-baki suka sauko fadamar Rima. Wanda bai san tsuntsayen nan ba zai ce ai 'yan mitsi-mitsi ne. Garke guda suke zuwa su rufe gona, kafin ka kai ƙarshen ihu sun tsotse aikin damina. Kowa ya shiga neman abin da zai yi ƙara.

Ran nan da hantsi na shiga kasuwa sayen ƙusa, na bi ta rumfar Sunusi don in sauke masa rabonsa na faɗa, kamar yadda na saba. Yana ganina ya fara dariya.

"Baba Isuwa, kai dai kullum hwaɗa. In kayana ba su da kyau, don mi surukin Kalilu da kainai yaz zo jiya yaɗ ɗauki guda? Har cewa yay yi shi ya san hannun da ka yin su. Ko duba ta bai tsaya yi ba."

Nan take na ga yadda abin ya tafi. Ummu Hani a gidan ta tashi, ta san wanda ke ƙera ɗiyar Tamba, kuma ba abin mamaki ba ne mace ta gaya wa mijinta abin alfaharin gidansu. Abin da ba ta sani ba shi ne uban ya daina. Shi kuma Abbas, ya za a yi ya tsaya gaban surukinsa ya ce a ƙera masa bindiga? Ya san ba za a karɓi komai a hannunsa ba, abin ya zama roƙo. Sai ya hau mota daga Augie, ya ratsa ta Argungu kansa a sunkuye, ya wuce maƙerar, ya zo har Birnin Kebbi don ya sayi aikin surukinsa a hannun wani. Ya ga sawun zabo, hankalinsa ya kwanta.

Ban sayi ƙusar ba. Tasha na nufa.

Na iske Kalilu ya dawo daga sallar azahar yana wasa lauje. Ban gaishe shi ba, a tsaye na zube masa labarin. Hannunsa ya tsaya. Ya ajiye laujen, ya tashi ya shiga gida, na bi shi har zaure. Na ji yana ce wa Kulu ta kira yarinyar nan, ta gaya mata ta gaya wa mutumin Augie kada ya harba abin da ya sayo. Kulu ta yi ta danna waya, ba ta shiga. Lokacin tsuntsu gida kaf a fadama ake wuni, can kuwa waya ba ta da amfani.

"A sake gwadawa in an jima," in ji Kalilu. "In ba ta shiga ba, gobe da sahe Kulu ta tahi."

A nan ne na manta da girman gemunsa. "Gobe? Jan-baki da la'asar suke sauka, ka fi ni sani. Kalilu, kai ka naɗe hannun Tamba da rigarka. Kai ka gaya mini har yau ba ka iya kallon ana fiɗar akuya. Yau kuma za ka zauna nan kana kunya har a kawo maka hannun mijin 'yarka cikin tsumma?"

Kulu ta sa salati daga ciki. Shi kuwa ya fito ya wuce ni. Ya koma rumfa, ya miƙa hannu ya sauko da igiyar nan da ta yi shekara da shekaru a ƙusa, ya karkaɗe ta, ya rataya a kafaɗa. Ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa wuta.

Baburan kabu-kabu biyu muka hau, aka ɗauke mu kamar buhunan albasa, muka bi hanyar Augie. Duk tsawon tafiyar ina kallon bayansa, ina tunanin abin da zai yi in mun isa. A fadama ba zana, ba Kulu, ba wanda zai tsaya tsakani. Ga kuma manoma cike da wurin, da yawansu da ɗiyar Tamba a kafaɗa. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa, tsoron mu ji ƙarar tun muna hanya.

Rana ta karkata muka isa. Muka bar baburan inda laka ta fara, muka bi gaɓar gonaki da ƙafa. Ko'ina igiyoyi ne an rataya musu gwangwanaye, maza da mata na ja suna ihu. Daga wajen gulbi sai ga tsuntsayen sun taso kamar hayaƙi, suna lanƙwasowa. Wata mata ta nuna mana gonar Abbas. Can muka hango shi tsaye kan wani ɗan tudu, ya ba mu baya, yana zare sandar ɗuri daga bakin bindiga. Tsakaninmu da shi akwai gona guda cike da ruwa.

Kalilu ya ja ya tsaya. Ƙafarsa ce ta tsaya da kanta, a irin nisan da ta saba tsayawa. Na buɗe baki na ƙwala kira, amma muryar tsohon da ya sha garin katako ina za ta kai cikin wannan ƙarar gwangwani? Abbas ya ɗaga bindigar. Hannunsa na hagu ya tallafi bututun.

"Abbas!"

Ban san akwai irin wannan murya a ƙirjin Kalilu ba. Har masu jan gwangwani sai da suka saki igiya. Abbas bai ko waiwayo ba, jikinsa ne ya riga shi gane mai kiran. Sai gani muka yi ya sauke bindigar, ya zame daga tudun, ya tsuguna cikin laka, yana laluben takalman da ba ya sanye da su. Tsuntsaye suka sauka a shinkafarsa suna ci, bai ɗaga kai ba.

Kalilu ya ratsa ruwan da rigarsa, ya je ya tsaya a kansa. "Miƙo ta," ya ce. Abbas ya miƙa da hannu biyu, ido a ƙasa. Kalilu ya bi bututun da yatsa kamar yadda Tamba ke yi, ya kai kan sawun zabon ya ɗan dakata.

"Wagga ba aikina ba ta."

Da ƙarfi ya faɗa, kuma mutane sun riga sun taru.

Akwai wata giginya a gefen gonar. Ya ɗaure bindigar a jikinta bakin na kallon fili, ya ƙulla igiya a kunama. Wani ya miƙo albarushi, ya ce a'a, ba za a ƙara ko ƙwaya ba, ɗurin da mai ita ya yi da hannunsa shi za a gwada. Ya kore mutane baya, muka kwanta bayan gaɓa. Ya ja igiyar.

Ƙarar ba irin wadda na sani ba ce, tana da wani kaifi mara daɗi. Da hayaƙi ya lafa muka je. Bututun ya buɗe ta ɗinkinsa kamar ɓawon gyaɗa, daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin giginyar, sai da aka sa wuƙa aka ɓanɓaro shi. Ummu Hani, da ta taho da gudu daga wancan gefen gonar, ta dubi ƙarfen, ta dubi hannun mijinta, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Wani dattijo ya matso da tasa bindigar. Tsohuwa ce mai ƙotar maɗaci, daga nesa na gane aikina. "Maƙeri," ya ce, "kac ce wagga ba aikinka ba ta. To tawa hwa? Ba Tamba yaƙ ƙera ta ba?"

Na dubi Kalilu. Rabin rayuwarsa ya yi yana kauce wa wannan tambaya.

"Taka ni niƙ ƙera ta," ya ce. "Ga Kahinta nan, shi yas sassaƙa ƙota. Amma ɗiyat Tamba ta. Bai taɓa buga alama ga bindiga ba sai ya bi ta da hannunai, kuma da yawa ya hana ni saidawa. Wadda anka buga ma alama bayan mutuwatai, kowa shi kawo ta ga iccen ga."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Na zaci zan ji daɗi ranar da gaskiya ta fito, tunda ni na fi kowa matsa masa. Amma da na ga ya juya baya yana warware igiyar, sai tausayinsa ya kama ni. Ya tuɓe wa abokinsa rigar, ko da yake ya yi ƙoƙari ya yafa masa wata.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. A yammacin nan an ɗaura wa giginyar bindigogi da dama, wasu sun tsallake, wasu ba su tsallake ba. Labari ya riga ni isa Birnin Kebbi, kuma ba a daɗe ba Sunusi ya koma sayar da kayan babur. Masu cewa ashe Tamba ba maƙeri ba ne sun ce. Masu cewa Allah ya jiƙan Tamba, ya tsare mana hannuwa, su ma sun ce. Wasu sun zo Argungu suna roƙon Kalilu ya koma ƙira, ya sa alamar kansa, ya nuna musu fartanya ya ce ga abin da ke akwai. Ni kuma na daina yi masa maganar suna, don na lura sawun zabon nan bai taɓa zama sunan mai ƙira ba. Shaida ce cewa wani ya tsaya ya duba kafin a miƙa maka.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne kafin mu bar fadamar. Abbas yana nan tsugune inda aka bar shi, tsuntsu ya yi wa shinkafarsa ɓarna ba kaɗan ba. Kalilu ya rataya igiyarsa zai wuce, da ya kai daidai shi sai ya tsaya. Ya sunkuya ya kamo hannun Abbas na hagu, hannun da bai taɓa riƙewa ba ko ranar ɗaurin aure. Ya juya shi ciki da baya yadda yake duba ƙarfe, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe riƙe da babban yatsan. Abbas yana kallon laka, hawaye na ɗiga daga gemunsa. Sannan Kalilu ya mayar masa da hannun kan gwiwarsa a hankali, muka tafi.

Muna tafiya wajen baburan na ce masa, "To, tunda bakin ya buɗe, sai a ci gaba da kiran yaro da sunansa."

"Wane yaro?"

"Abbas mana."

Ya dube ni ta wutsiyar ido. "Kahinta, Hausakka har yau ba ta nuna ba."

Bai sake kiran sunan ba, kuma na san ba zai sake ba. Makon jiya na je Argungu na same shi kan guntun turminsa, yana fitar wa wani sabon lauje haƙora, a hankali, yana busa garin ƙarfen. Na ga ya fi sauran kyau, sai na tambaye shi na wa ne.

"Na mutumin Augie na," ya ce, bai ɗago ba. "Shinkahwa ta nuna, kuma da hannu biyu akan yanke ta."